Yadda na yi wa Boxer na hannu takardu, daga hannun dillali har zuwa lasisi

Rumfar bakaniken unguwarmu tana da benci biyu a gindin dalbejiya, kuma daga la'asar zuwa magariba ba ka rasa masu babura biyar ko shida a kai. Hirar ba ta cika wuce abu uku ba: wace taya ce ke riƙe kwalta in an yi ruwa, wane baƙin mai ne jabunsa ya cika kasuwa, da kuma wa aka tare a hanya aka ce ya kawo takardu. In aka zo kan na ukun, kowa rabin labari gare shi. Wannan ya ce a fara da 'yan sanda, wancan ya ce kotu, wani ya ce ka miƙa wa yaran bakin ofis kuɗi ka koma gida ka kwanta. Da irin wannan rabin labari na shiga neman takardun babur ɗin Boxer na hannu, ƙirar kamfanin Bajaj, da na saya a daminar 2025, kuma aikin da bai kamata ya wuce mako uku ba ya ci mini bakwai. Zan faɗi yadda ya gudana daki-daki, don wanda zai biyo baya ya rage wa kansa zirga-zirga.

Tun kafin a yi maganar kuɗi, wani dattijo a majalisar da ya daɗe yana achaba ya ce mini, "Ɗana, kada ka duba mashin da rana. Ka je da sassafe, ka fara taɓa injin da bayan hannunka." Dalilinsa shi ne injin da ya gaji yana ɓoye ciwonsa in ya ɗauki zafi, kuma mai sayarwa ya san haka, shi ya sa yake ɗumama shi kafin ka iso. Ƙarfe bakwai muka je da bakanike, muka tarar da injin da sanyinsa, ya tashi a kik na biyu. Bakaniken ya tsayar da ni bayan salansa yana murza totur. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na shan baƙin mai, ko ringi ya cinye ko robar bawul ta mutu, wato sai an buɗe inji. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya fi iska yawa, matsalar kabireta ko matatar iska, gyaransa ba ya cin kuɗi. Namu bai yi ko ɗaya ba. Ya zaro ma'aunin mai ya murza ɗigo tsakanin yatsunsa yana neman ƙyalƙyalin ƙarfe. Ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya sa aka danne baya tayar gaba ta tashi, ya juya kan hagu da dama a hankali. In ya ji yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. Daga nan ya tsuguna a baya ya hango ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya, domin babur ɗin da ya taɓa cin mummunan karo, ko an miƙar da shi an yi masa fenti, yakan riƙa tafiya a karkace. Abin da ya samu shi ne sarƙa da sufuroket sun ƙare, birkin baya ya kusa, tayar baya ta tsufa, ba madubi ko ɗaya. Duk waɗannan na kuɗi ne ƙalilan, kuma da su muka rage farashi.

Sai lambobi, kuma nan ne kan maganar gaba ɗaya. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a jikin ƙarfe: lambar shasi a wuya, inda kan babur ke juyawa, da lambar inji a jikin injin daga ƙasa. Ta shasi harufa da alƙaluma 17 ce, ta Bajaj kuma tana farawa da MD2. Babu harafin I ko O ko Q a cikin irin wannan lamba, don haka duk takardar da ka ga ɗayansu a ciki, an yi kuskure wurin kwafa. A goge wurin da tsumma da ɗan fetur, a ɗora farar takarda, a goga fensir a kai har lambar ta fito, sannan a ɗauki hotonta da waya. A shafa wurin da yatsa kuma: in ƙarfen ya yi kwari, ko akwai alamar gurza, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko harufan ba su yi tsayi ɗaya ba, a bar babur ɗin ko da kyauta ne. A yankinmu na Arewa maso Yamma, inda ake ɗaukar babur marar lamba da zargi saboda 'yan bindiga, ba ƙaramin abu ba ne a kama ka da mashin da aka taɓa lambarsa. Wanda na saya bai taɓa rajista ba, kamar yawancin na hannu, kuma ni ne na uku a kansa. Na nemi rasit na asali na shagon da ya sayar da shi sabo, da takardar cinikin da ta mayar da shi hannun mutum na biyu. Na gwada rasit ɗin shago da abin da fensir ya fitar, harafi bayan harafi, suka dace.

Muka daidaita a Naira 690,000, dillali ya karɓi la'adar 10,000. Kuɗin na tura kai tsaye asusun mai babur, wanda sunansa ya dace da na katin shaidarsa, ban bi ta hannun dillali ba, don takardar banki ita ma shaida ce. Aka rubuta yarjejeniya: sunan mai sayarwa da mai saye da adireshi da lambar waya, samfurin babur da launinsa, lambar shasi, lambar inji, kuɗin da aka biya, kwanan wata, shaidu biyu kowa da sa hannunsa, aka haɗa da kwafin takardar NIN ta mai sayarwa. Yaron dillali ne ya rubuta da hannu, yana leƙen wuyan babur yana rubutawa. Na karanta sunaye da kuɗi, na ga daidai, na sa hannu. Lambar shasin da ya rubuta ban gwada ta da komai ba, tunda na riga na duba rasit. A wuri ɗaya tsatsa ta ci gefen alƙalamin 8, shi kuma ya rubuta B.

Washegari na tafi kotu don takardar rantsuwa ta canjin mallaka. A bakin kotu akwai masu buga takardu, ka ba su yarjejeniya su kwafa, ka haɗa da hoton fasfo biyu, ka biya a ciki a ba ka rasit, sannan jami'in rantsarwa ya tambaye ka ko abin da ke ciki gaskiya ne ya buga hatimi. Bugu da hatimi sun ci mini Naira 2,500, kuma kafin azahar na gama. Daga nan na kai babur ofishin 'yan sanda da takardar rantsuwar da rasitai, don a rubuta cewa ya koma hannuna kuma ba a kawo musu rahoton satarsa ba. Na jira wajen awa biyu kafin jami'in da ke sa hannu ya dawo. Mai bugun kotu daga yarjejeniya ya kwafa, na ofishin 'yan sanda kuma daga takardar kotu. Haka B ɗin nan ya shiga takarda uku, biyu daga ciki da hatimi, ni kuma ina ta murna aiki na sauri.

Kafin in kai babur a duba lafiyarsa na ba bakanike kwana guda. Ya juye baƙin mai ya zuba 20W-50 kusan lita ɗaya, kuma ya nuna mini alamar JASO MA a jikin robar. Kulocin irin waɗannan babura a cikin man inji yake wanka, don haka man mota mai yawan santsi yana sa shi zamewa: ka ji inji na kuka, babur ba ya ja. Ya sauya sarƙa da sufuroket na gaba da na baya a tare. Na so in rage kuɗi in sayi sarƙa kaɗai, ya ce, "Maigida, tsohon haƙori sabuwar sarƙa yake ci. Wata biyu za ka dawo." Haƙoran tsohon sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, da na gani ban sake musu ba. Ya bar wa sarƙar sako-sako na kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, don in ta yi tauri tana kashe boris tana iya tsinkewa a rami, in ta yi sako da yawa kuma ta sauka ta cije tayar baya. Ya sa sabon takalmin birki, ya goge kwanon da sanfefa, sabon fulogi, ya wanke matatar iska, ya gyara fitilar birki da tirafiketa, ya ɗaura madubi biyu. Tayar baya ce ta fi ba ni mamaki, don zanenta bai gama cinyewa ba. Ya nuna mini alƙaluma huɗu a gefenta, 1119, wato an yi ta a mako na 11 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta, kuma wannan da ka danna ta da farce sai ka ji ta bushe kamar ƙirgi, ga ƙananan tsaga a gefe. Irinta ce ke kwashe mutum a kwana in an yi yayyafi. Muka sa sabuwa, ya tsaya a kan mai faci ya sa iska kimanin 25 a gaba, 28 a baya, ya ce in ƙara ta bayan zuwa 32 in zan yi goyo ko ɗaukar kaya. In ba ka tsaya ba, mai faci dura mata yake yi har ta yi ƙarar ganga, sai babur ya riƙa tsalle birki ya ƙi kamawa. Kaya da ladan aiki suka tashi Naira 51,000.

Ranar Litinin na isa ofishin rajistar ababen hawa na jiharmu, wanda ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji. Tun daga bakin ƙofa mutum uku suka tare ni, kowa na cewa zai fito mini da lamba a kwana biyu, kuɗin da suka faɗa kuma ya ninka na gaskiya. Na wuce ciki na tambayi teburin babura. Aka cike mini fom a kwamfuta da NIN ɗina da adireshi da bayanan babur, aka tambaye ni na hawa ne ko na haya. A kula da wannan tambaya: lambar abin hawa na kai rubutunta shuɗi ne, ta haya ja ce, kuma yin achaba da shuɗiyar lamba jan magana ne. Mai niyyar haya kuma ya fara sanin dokar garinsu, domin a birnin Kano, alal misali, tun watan Janairun 2013 aka hana achaba. Daga nan aka tura ni wurin jami'in VIO da ke duba lafiyar abin hawa. Ya sa na kunna fitila, na danna hon, na taka birki, duk lafiya. Sai ya tsuguna a wuyan babur da tocilan ɗin waya, takardar kotu a ɗaya hannun, yana bi da bakin biro. Ya kai wuri ɗaya ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Ya ɗago ya ce, "Malam, wannan takardar ba ta wannan mashin ba ce." Gabana ya faɗi, don abin da ya fara zo mini shi ne na sayi na sata. Na fito da rasit na asali da takardar fensir, ya gwada, ya ce babur ɗin lafiya lau, takarduna ne ba lafiya, kuma ba zai sa hannu a kan lambar da ba ita ce a ƙarfe ba. Na roƙe shi a gyara da biro, ya ce takardar da aka yi rantsuwa a kanta ba a soke mata harafi. A lokacin na ji haushi, amma gaskiyarsa ce: da ya bari ta wuce, duk wanda ya tare ni nan gaba zai ga lamba biyu, kuma a bakin hanya ba wanda zai tsaya sauraron labarin tsatsa.

Gyaran harafi ɗaya ya ci kwana tara. Sai an sake yarjejeniya, ita kuma sai da sa hannun mai sayarwa, shi kuwa ya tafi ƙauye wurin gonarsa inda waya ba ta shiga sai ya hau tudu. Da ya dawo muka sake rubutawa a gaban shaidun farko, wannan karon aka buga da kwamfuta, ni na riƙe hoton lambar ina karantawa mai bugu na maimaitawa. Na sake biyan 2,500 a kotu, na koma ofishin 'yan sanda aka sauya tasu. A zuwa na biyu jami'in VIO bai yi minti goma ba ya sa hannu. Aka fitar mini da takardar biya na kai banki. Kuɗin lambar babur ta yau da kullum Naira 12,000 ne tun ƙarin da aka yi a watan Yunin 2025, kuma wannan ɗaya ne a duk ƙasa. Sauran, wato rajista da lasisin babur na shekara da shaidar lafiyarsa, kowace jiha da nata. A wurina duka da kuɗin lamba suka kama 25,000. Duk abin da ba a ba ka rasit a kansa ba, ba ya cikin lissafin gwamnati. A ranar aka ba ni lambar a rubuce a takarda tare da shaidar mallaka, ƙarfen kuma sai bayan kwana goma sha biyu ya fito. Da na karɓa, kafin in ɗaura, na shigar da lambar a shafin tantance lambobi na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ta fito da samfurin babur ɗina. Masu karɓar lamba a hannun yaran bakin ofis sau da yawa a nan asiri ke tonuwa, a shigar a ga babu ita sam.

Inshora ita ce mafi sauƙi, kuma ita aka fi cutar mutane a kai. Tun 1 ga Janairun 2023 inshorar da doka ta wajabta wa babur Naira 3,000 ce a shekara, tana biyan diyyar dukiyar wani da ka lalata har Naira miliyan ɗaya, da kuma rauni ko rasa rai na wanda ka buge. Ba ta biyan gyaran naka babur, ba ta biyan sata. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Na saya a ofishin kamfanin inshora da lambar da aka rubuta mini, na jira kwana biyu, na danna *565*11# a waya na sa lambar babur, ta nuna tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora. Takardar da ake cusa wa mutum cikin fatikula a kan 1,000, in ba ta fito a nan ba, takarda ce kawai.

Lasisin tuƙi na bari ƙarshe, kuma kuskure ne, don da na fara shi tun ranar da na sayi babur da sun ƙare tare. Na babur rukunin A ne. Mai lasisin mota na rukunin B bai da izinin hawa babur da shi, abin da da yawa a majalisarmu ba su yarda ba sai da na nuna musu katin. Sai mutum ya kai shekara 18 kuma yana da NIN. Tunda sabon nema ne, ta makarantar koyon tuƙi mai rajista aka buɗe mini fom, na biya su 15,000. A tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na NIN harafi da harafi, in ba haka ba kwamfuta ba ta karɓa. Aka gwada idona, aka rubuta rukunin jinina. Kuɗin lasisin 7,000 ne na shekara uku, 11,000 na shekara biyar. Na ɗauki na biyar. A gwajin VIO an nuna mini alamomin hanya na faɗi ma'anarsu, aka sa na zaga tsakanin robobi ba tare da sauke ƙafa ba, sannan na taho da ɗan gudu na tsaya a kan layi. A nan jami'in yake kallon hannu. Da yawanmu an koya mana cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, sai mu dogara da na ƙafa kaɗai. Alhali in ka ja birki nauyi gaba yake komawa, kuma mafi yawan tsayuwar daga tayar gaba take zuwa. Abin da ke kayarwa shi ne fizgarsa lokaci guda, ko kama shi a kwana, ko a kan yashi. A matsa shi a hankali a ƙara ƙarfi, tare da na baya, babur a miƙe. Ɗaukar hoto da zanen yatsu sai a zuwa na biyu ya yiwu, don ranar farko netwok ya ɗauke muka wuni a benci. Wanda ya je ƙarfe takwas ya fi samun shiga. Aka ba ni lasisin wucin gadi na kwana 60.

Hular kwano na saya 17,000, mai rufe haɓa, da alamar ECE, shaidar cewa an gwada ingancinta, a ɗinke a igiyarta. Tun 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa ta, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don gudun kamu, kuma har yau akwai masu sa hular leburori ta gini. Wannan ba ta da soso mai tauri a ciki, shi kuwa shi ne ke shanye bugu. Hular da ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya isa ƙasa; a ɗaure har yatsa biyu kaɗai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ta taɓa cin bugu mai ƙarfi a sauya ta ko da bayanta bai fashe ba.

Da zan sake, ga yadda zan jera aikin. Lambar shasi da ta inji a goge da fensir tun kafin ciniki, kuma duk takardar da za a rubuta ko a buga, daga wannan gogen za a kwafa, kada a kwafi takarda daga takarda. Kada mai sayarwa ya bar gari sai takardar kotu ta fito an gwada ta da ƙarfe. Fom ɗin lasisin tuƙi a buɗe shi a makon farko, yana tafiya ana sauran. Gyara kafin VIO, inshora da zarar an rubuta maka lamba. Mai sayen na hannu kuma ya ware kuɗi bayan na ciniki. Ni abin da na kashe a kan la'ada da gyara da takardu da hula ya kusa Naira 140,000, kuma da ban tanade shi ba da babur ya kwana a zaure wata da watanni. Takardun asali suna gida a cikin jaka. Abin da ke tare da ni kwafi ne a cikin leda a bayan murfin gefe, da hotunansu a waya, lasisin kuma a aljihu. Inshora da lasisin babur duk shekara ake sabunta su, don haka na rubuta ranar ƙarewarsu da maka a cikin murfin, inda zan gani duk sanda aka buɗe don duba batir. Sabuwar sarƙa kuma tana saki a farkon amfani, sai da na koma rumfa bayan kamar kilomita 500 aka sake ɗaure ta.